Kwabo a Kan Allura

Na daɗe ina tara ƙananan faya-fayen garmaho, irin masu waƙa ɗaya a kowane gefe. Ba ruwana da na mashahurai. Nawa na waɗanda ba wanda ya san su ne: samari huɗu da jita da ganga, ko wata mace ita kaɗai da muryarta, waɗanda suka yi karo-karo aka buga musu faifai ɗaya, daga nan aka daina jin ɗuriyarsu. Matata takan ce ɗakina na Unguwar Mu'azu ya zama maƙabartar mawaƙa, ni kuma ba na musa mata.

Wanda ya fi shiga raina a wurin wani ɗan gwangwan mai sayar da tsofaffin tarkace na tsince shi a Kakuri. Takardar tsakiyarsa ta ɓare, babu suna. Kiɗa ne mai kaushi, an rera rabi da Turanci rabi da wani yare na kudancin Kaduna. A tsakiyar waƙar sai kowa ya ja baya a bar wa mai jita fili, shi kuwa ya yi abin da har yau in na tuna tsigar jikina takan tashi.

Wata rana na kai garmahona gyara, na tafi da faifan don gwaji. Ana sa shi, wani tsoho da ke zaune a bencin mai gyaran ya miƙe da ƙyar. Hannunsa na dama a shanye yake.

"Malam, ina ka samo wannan?" in ji shi. "Ni ne nan mai jitar."

Ashe ma'aikatan masaƙa ne suka yi shi suna samari. Sauran duk sun rasu, nasa faifan kuma ya salwanta a wata ƙaura. Tun daga ranar, duk Lahadi in an taso coci sai tsohon, wanda nake kira Baba, ya hau keke-napep daga Sabon Tasha ya zo gidana.

Faifan yana da tabo daidai inda jitar take farawa. Da allura ta iso wurin sai ta yi tsalle ta faɗa baitin ƙarshe. Ni nakan tallafe ta da yatsa a hankali, wani lokaci ta bi, wani lokaci ta ƙi. Baba ya ga ina ɓata masa lokaci. Ya zaro wani tsohon kwabo daga aljihu ya ɗora a kan hannun allurar.

"Haka muke yi a da," ya ce.

Ta bi kuwa, tiryan-tiryan. Amma da na ɗaga allurar sai na ga baƙin gari a bakinta. Nauyin kwabon noma faifan yake yi. Na yi masa bayani, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, kar mu ji ke nan?" Ta yaya zan hana mutum jin kiɗan hannunsa?

Yana da 'ya a Legas, an haife ta bayan ya ajiye jita, ba ta taɓa jin ya kaɗa ba. Za ta zo Kirsimeti, kuma burinsa ke nan ta ji. Ya ce in ɗauka masa a waya ya tura mata. A nan na tafka wautar da har gobe take cina. Na ce waya ɓata sauti take yi, ya bari sabuwar allurar da na yi oda ta iso, in ɗauka yadda ya kamata. Girman kai ne kawai irin na masu tara kaya. Allura ba ta iso ba, Lahadi kuwa ba ta fasa zuwa ba. Tabon ya ƙara zurfi, kwabo ɗaya ya daina isa, Baba ya ƙara na biyu. Ina zaune ina kallo. Ranar da na sauko na kara wayar, abin da ta ɗauka yawanci shuu ne, jitar tana can nesa kamar daga gidan maƙwabta.

Washegarin Kirsimeti suka zo tare. Baba ya sha sabuwar riga. Matata ta kawo musu lemo, na sa faifan. Baitin farko ya fita ras. Baba ya ɗaga yatsa.

"Nan ne. Saurara."

Ta sunkuyo. Babu komai sai shuu, kamar ana suya.

"Malam, ko za a ɗan ƙara murya?" ta tambaye ni.

Na ƙara. Shuu ɗin ne ya ƙaru. Muka zauna a haka har mawaƙin ya dawo ya rufe waƙarsa, allura ta kai ƙarshe tana ƙas-ƙas.

"Ya yi daɗi sosai, Baba," in ji ta.

"Kar ki yi mini ƙarya. Ni ma ban ji ba."

Ya daɗe yana kallon faifan yana juyawa. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, kai dai ka taɓa ji. Gaya mata yadda yake."

Ta zuba mini ido tana jira. Na buɗe baki, amma ban san ta inda ake faɗin kiɗa ba.