Na Yi Kiwon Sauro A Bayan Ɗakin Matata

A zamanin Turawa ni dillalin zuma da man kaɗe ne a Dogon Dawa, da ƙarfina na tsayu, kuma ina taƙama da cewa babu kasuwar da za ta wuce ni ban gan ta ba. Wata damina wani matashin likita Bature ya sauka garinmu. Tafintansa ya ce yana binciken wani zazzaɓi da sauro ke kawowa, wanda ke hawa ƙwaƙwalwa, da shi zai kammala babban karatunsa. Yana sayen sauron daji mai rai a cikin kwalba.

Mutane suka dinga shiga daji suna miƙa ƙafa sauro ya sauka. Ni kuwa na ga wahalar ta yi yawa. Na ɗebo ruwan kogon itatuwa mai tsutsotsin sauro, na zuba a tsofaffin tukwane bayan ɗakin matata, na rufe da faifai, don in sun zama sauro in sayar masa. Ta yi dariya ta ce mazan wasu akuya suke kawowa gida, nata kuwa sauro yake kiwo, Allah ya sa ya yi nono.

Kafin kaka zazzaɓi ya kwantar da ita. Wuyanta ya sandare, ta yi ta jijjiga. Maƙwabta suka ce iska ce. Na je na faɗa wa likitan gaskiya. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ba zai rantse saurona ne ba, amma in fasa tukwanen yau, kuma wannan ciwo ba ya jin kwinin da ake sha don zazzaɓi, sai jinya da haƙuri.

Ta tashi, amma hannunta na hagu ya shanye, kuma ba ta san ni ba. In na shiga ɗaki sai ta ja mayafi ta rufe kai, ta gaishe ni da ladabi, ta ce maigidan ba ya nan, in jira a zaure. Sai in fita in yi sallama kamar baƙo, don kada ta tsorata. Na bar fatauci, na koyi girki, ƙanwarta na yi mata wanka. Rannan ina tuƙa tuwo ta leƙo tukunyar, ta ƙwace muciyar da hannunta mai lafiya, ta ce Malam, tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa iya komai a madafa ba, in matsa. Na matsa, hawaye na zuba, don na gane ta tuna ni.

Hannunta na hagu bai dawo ba har ta rasu, kuma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ni na san sanina bai kai dabarata ba. Duk abin da ba ka san ƙarshensa ba, kada ka shigo da shi inda iyalinka ke kwana. Ku kife tukwanen da ruwa ke kwanciya a ciki, kuma in zazzaɓi ya taɓa hankalin wani naku, ku nemi likita da wuri.