Daga Wuya Zuwa Ƙasa

Hanga ake ce mata, wato abin rataye riga, kuma yayarta ce ta laƙaba mata sunan. Doguwa ce mai miƙaƙƙiyar kafaɗa, ko buhu aka zura mata sai ya zauna. Tun da mijinta ya rasu ta dawo shagon Yaya da 'yarta guda, tana guga, tana ninki, ba ta da yawan magana.

Shagon ɗan mitsitsi ne, mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. Sai da Yaya ta sa shi a kasuwar intanet, wadda ke haɗa ƙananan shagunan sutura da masu saye, sannan kaya suka fara tafiya. Dokar kasuwar ita ce farin bango, mutum sanye da rigar, hoto daga wuya zuwa ƙasa. Wai fuska tana ɗauke hankalin mai saye. Shi ke nan Hanga ta samu aiki. Duk Talata za ta tsaya jikin bango ta sa riga talatin, Yaya na riƙe da waya tana faɗa.

"Miƙe mana. Ke dai ko turmi ya fi ki kuzari."

In riga ta yi mata yawa, sai Yaya ta tattare bayan rigar ta danne da abin maƙale shanya, inda hoto ba ya gani. Da farko ɗaya ya isa. Bayan wata huɗu sai da uku. Masu saye kuwa sai yabo suke rubutowa, wai riguna sun zauna ɗas.

Wata rana Hanga ta ce, "Yaya, abinci ba ya zama a cikina. Likitan kuma Talata kawai yake zuwa."

"Talata? Sababbin kayan fa? Bari mu wuce makon nan."

Makon ya wuce, wasu suka bi shi. Kada wani ya ce Yaya muguwa ce, wallahi tana son ƙanwarta. Amma shekara biyu ta cikin waya take kallonta, wayar kuma a wuya take tsayawa.

Ranar da Yaya ta zo danna abin maƙalewa na bakwai, yatsunta suka ci karo da ƙashi zalla. Ta zagayo ta dubi fuskar. Idanu sun zurma, leɓe ya tsattsage. A ranar ta kai ta asibiti, likita ya ce an makara. Mako biyar Hanga ta ƙara a duniya.

Da 'yan gaisuwa suka watse, yarinyar ta zo ta zauna kusa da ita a shago.

"Inna, nuna min hoton Mama."

Yaya ta buɗe wayar. Hotuna sun fi dubu biyu. Ta yi ta wucewa, ja, kore, mai fure, tana neman ko guda ɗaya da ta yi kuskuren ɗauka da kai. Ba ta taɓa yin kuskuren ba.

Yarinyar ta ɗora yatsa a wuyan wata shuɗiyar riga.

"Inna, ja shi ƙasa kaɗan, kanta ya fito."