Ƙafar Wandon Filin Jirgi

Shekara goma sha tara Tela yana ɗinki a wani ɗan shago da ke jingine da katangar makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Bai taɓa hawa jirgi ba, bai kuma yi sha'awa ba. Amma shi ke ɗinka musu doguwar jakar yadin nan da ake ratayawa a kan sanda gefen titin sauka, wadda matuƙi ke kallo daga sama ya san inda iska ta dosa da ƙarfinta. Ƙafar wando yake ce mata. Idan ta miƙe, iska na kaɗawa. Idan ta langaɓe, lafiya lau.

Sai aka yi sabon manaja a makarantar, irin mutanen nan da ba su san komai ba kuma ba sa tambaya. Ya ce yadin yana saurin yagewa, ya aiko da tamfol mai kauri.

"Ranka ya daɗe, wannan iska ba za ta ɗaga shi ba," in ji Tela.

"Kai tela ne ko matuƙi? Ɗinka kawai."

Ya ɗinka. Allura uku ya karya yana ta ƙunƙuni, amma ya ɗinka, kuma abin da ke cin ransa ke nan har yau.

Kwana tara bayan haka wata ɗaliba ta tashi da jirgi ita kaɗai karon farko. Da ta zo sauka ta duba ƙafar wando, ta gan ta a langaɓe, alhali iska na bugowa daga gefe. Jirgin ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle, ya karkace, tayar gaba ta karye, ya kifa cikin ciyawa. Ta tsira da karaya a hannu. Kafin la'asar an sauke tamfol ɗin an ɓoye, an rubuta a rahoto cewa yarinya ba ta iya karanta iska ba, a sallame ta. Rashin kunya dai ƙarara!

Tela ya rufe shago ya shiga ofis da igiyar awo rataye a wuya, ya faɗi abin da ya sani da ƙarfi har masu gadi suka fitar da shi. Ba wanda ya rubuta ko kalma ɗaya. Aikin ma aka kai wa wani telan.

Daga nan asibiti ya wuce. Ya sami yarinyar zaune, hannu a ɗaure, ido ya kumbura don kuka. Ta san shi, shi ya rage mata hannun rigar makaranta.

"Baba, na duba jakar iskar nan wallahi, sau biyu. Ko ta motsa ne ban gani ba?"

"Ba ta motsa ba, 'yata," ya ce. "Ni na ɗinka ta."