Hajiyarmu da mai tafiya a kan fiffiken jirgi

Na miƙa hannu zan kashe talabijin ke nan, Hajiyarmu ta ce, "Bar shi."

Wata uku ke nan da ta zo mana jego nan Taman Melati, unguwar da muke zaune a ƙasar waje, can tsallaken teku. Zuwan nan ne hawanta jirgi na farko, kuma ta sha jijjiga a hanya. Tun ranar da ta sauka take cewa ba za ta koma a jirgi ba, sai dai a nemo mata motar Kano. Biza ta kusa ƙarewa, lallashi ya ƙi ci.

Jiya da la'asar maigidana Abban Hanifa, da yake injiniyancin jirgi yake karanta, ya kunna wani tsohon fim. Matuƙan farko ne masu yawo ƙauye-ƙauye suna wasa da jirgi a sama, har wani yana tafiya a kan fiffike. Na ce shi ke nan, ya ɓata mana aiki.

Hajiya ta zuba ido har mutumin ya sauko lafiya.

Ta ce, "Yanzu wannan a waje yake, ko igiya babu?"

Na ce, "Babu, Hajiya."

Sai ta ce, "Ni kuwa ina ciki a zaune, an ɗaure ni, ana kawo min shayi. Ashe shagwaɓa ce take damuna."

Surukin nata yana zaune a gefe, amma ni ta kalla. "Ki ce masa ya nemo min kujerar bakin taga."

Wata uku muna yi mata bayani, ashe gani take so. Ku me ya taɓa cire wa tsofaffinku tsoro?