Malachy Gilroy da Gadar Drumcorrin

Haihuwa da Asali

An haifi Malachy Gilroy a shekarar 1941 a ƙauyen Drumcorrin, cikin gundumar Fermanagh ta Ireland ta Arewa. Mahaifinsa, Packie Gilroy, mai kiwon shanun madara ne, sunan mahaifiyarsa kuwa Roseanne McCaffrey. Gonarsu ta tsaya a bakin wani rafi da bai isa a kira shi kogi ba, amma shi ne iyaka: gida yana ƙarƙashin Birtaniya, coci da maƙabartar kakanni suna tsallake, cikin Jamhuriyar Ireland.

Karatu da Sana'a

Ya yi firamare a ƙauyensu, ya bar karatu a 1955 ya kama tatsar shanu, sana'ar da bai saki ba har ƙarshen rayuwarsa. A 1972, zamanin tarzomar Ireland ta Arewa, sojojin Birtaniya suka fasa gadar rafin, kuma a hunturun shekarar mahaifinsa ya rasu. Da aka ce sai motar gawa ta zagaya ta shingen kwastan, inda ake buɗe komai, Malachy ya ƙi. Aka gitta katakai biyu a kan rafin, maza suka ratsa da akwatin a kafaɗa, wani ya zame har gefen akwatin ya taɓa ruwa. Wannan rana ba ta taɓa barin zuciyarsa ba.

Aure da Iyali

A 1974 ya auri Nuala Brady, 'yar tsallaken rafi, suka haifi 'ya'ya uku. Da aka sake gina gadar a 1994 kowa ya yi murna, shi kuwa ya jingine katakansa a ɗakin ciyawa, ya hana a taɓa. Nuala ta rasu a 2011, aka binne ta a tsallake, aka bar masa gurbi a gefenta bisa al'ada, sunansa a sassaƙe a dutsen kabarin, shekarar rasuwa kaɗai ta rage.

Shekarun Zullumi

A watan Yunin 2016 aka kaɗa ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, rafin nan ya kama hanyar zama iyakar kasuwanni biyu, tunda Jamhuriyar Ireland tana nan cikin Tarayyar. Maƙwabcinsa Cecil Elliott, wanda cocinsu ba ɗaya ba kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ficewa ya zaɓa.

"Ka zaɓo mana shinge, Cecil," in ji Malachy. "Yanzu gawata ma sai ta bi layin kwastan ke nan?"

"Kai dai mutu tukuna, tsoho. Ni da kaina zan ƙetare da kai, ai ba ka da nauyi sai na baki."

Daga nan Malachy, mutumin da bai damu da siyasa ba, ya rataye rediyo a wurin tatsa. Majalisar Birtaniya ta yi ta watsi da yarjejeniyar ficewar, lauyoyi suka yi ta jan magana daga kotun Belfast zuwa ta Landan, ana sa ranar fita ana ɗagawa, kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin rafin. Ya tambayi wani lauya ko gawa tana cikin kayan da za a bincika, lauyan ya ce ba a kai ga wannan ba tukuna. Duk lokacin da aka sa sabuwar rana sai ya fito da katakan ya shafa musu mai. Ya rame ƙwarai, 'ya'yansa suka fahimci ba mutuwa yake tsoro ba, tsoronsa kada ta makara har a rufe gadar.

Rasuwa da Jana'iza

Ya rasu a watan Oktoban 2019, ana jiran wata ranar fita a ƙarshen watan, kuma tambayarsa ta ƙarshe ita ce ko gadar tana buɗe. Maƙwabta suka haƙa kabari kamar yadda aka saba. Motar gawa ta iso gadar, babu shinge babu jami'i, amma Cecil, yana dogara sanda, ya tare hanya ya ce akwai alkawari. Aka sauke akwatin, ya miƙa sandarsa ga wani, ya sa kafaɗa a gaba har suka ƙetare. An binne Malachy a gefen Nuala.

Ya bar 'ya'ya uku: Dympna, ma'aikaciyar jinya a Cavan, Colm, direban tankar madara mai bin gadar kullum, da Fintan, wanda ya gaji gonar. An ba Fintan shawarar ya faskara katakan ya huta, ya ce a bar su, shi ma gurbinsa yana tsallake.