Zanen Inna a bushe

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a kwalejin Mayahi, mahaifiyata ta daina dariya. Mace ce da ake jin dariyarta tun daga bakin rijiya, sai ga shi in an yi raha ta matse baki ta tashi. Ta bar daka, ta bar hawa amalanke zuwa kasuwar Kanan-Bakashe. Ni ce ɗiyar fari, ko sunana ba ta faɗi, balle ta gaya mini damuwarta. Ni kuma da wayona sai na yanke cewa fushi take da ni.

Ƙanwarta ce ta ja ni gefe. "Ke 'yar lakwal mai karatun boko, ba ki ganin yawan zannuwa bisa igiya? Tun haihuwar auta, in ta yi tari ko dariya sai fitsari ya zubo. Alwalarta ba ta tsayawa."

Muka tafi asibiti Maradi mu uku. Likitar mace ce, Hausarta kaɗan, aka ce ni zan yi tafinta. Inna ta juya ta fuskanci bango, ta ce wa ƙanwarta, "Gaya wa waccan ta gaya wa likita." Haka maganar ta riƙa zagayawa, ni ina ta zufa ina neman Faransancin da ba a koya mana a aji ba. Likitar ta ce ba yoyon fitsari ba ne, naman da ke riƙe hanyar ne ya saki. An gwada motsa jiki wata da watanni bai isa ba, sai aka ce aiki. Za a sa ɗan siririn madauri ya tallafe wurin. Na ce, "Inna, kamar majanyi ne da goyo." Ta ce wa bango, "To, a ɗaura."

Ni na karanta takardar, na sa hannu. Da aka tura ta ciki na zauna a ƙasa ina tunanin in ba ta fito ba, ni na sa hannu. Ta fito. Allurar barcin da aka yi mata ba ta gama sakinta ba ta kira sunana, sau biyu.

Bayan ta warke, muna sussukar gero ƙanwar tata ta tsokane ta: "Yaya, wa kika kira a Maradi?" Inna ta ce, "Allura ce ta kira, ba ni ba." Sai dariya ta ƙwace mata, irin ta da, har da hawaye. Can ta yi tsit, ta shafa zanenta. A bushe. Ta dube mu, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Yanzu in na ga mace ta tashi ana tsakiyar raha, ba na cewa fushi take. Igiyar shanyarta nake dubawa.