Ranar da Muka Bar Mota Muka Haƙa Kabari

Ko na manta komai na zamana a Riyad, Juma'ar da wani dattijon magini ya karɓe wasa daga hannuna tana nan daram a raina.

Lokacin ina aikin nas, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan taru a ɗakina a unguwar Manfuha mu yi wani wasa da na koya a jami'a. Ni ne mai ba da labari. Kowa yana da mutumin da yake wakilta, ya faɗi abin da zai yi, a jefa dayis irin na ludo a ga ko ya dace. Labarin na wani gari ne bayan duniya ta watse, sojojin da ke gadinsa sun kwashe nasu ya nasu. Wata guda na yi ina zana taswirarsa a bayan kwali, ina ji da kaina.

'Yan wasana biyu ne, wani direba mai shegen surutu da wani likita. Ranar sai direban ya zo da maƙwabcinsa, magini, wanda kowa ke kira Baba. Duk mun san halin da yake ciki. An janye sojoji daga ƙauyensu, 'yan bindiga suka kashe yayansa, gawar ta kwana uku a fili ba mai iya komawa. Shi kuma takardar zamansa ta ƙare, uban gidansa bai sabunta ba, babu halin zuwa gida. Tun daga nan abinci ya gagare shi, magana ma sai dole. Direban ya kawo shi ne ko ya ɗan sake. Ni kuwa ɗokin labarina ya rufe mini ido, ban canza ko layi ɗaya ba. Har yau ina jin kunyar wannan.

Na ce mutanensu sun iso barikin da sojojin suka bari. Akwai mota ɗaya mai tashi, jarkar ruwa ɗaya, mahara kuma suna tafe. Don labari ya yi armashi na ƙara da cewa ga gawa uku a bakin ƙofa. Sai da maganar ta fita na tuna wanda ke zaune a gabana.

Direban ya ce, "Yalla, mu faɗa mota mu arce."

Baba ya ɗago kai ya dube ni. "Malam, akwai shebur a barikin nan?"

Na ce akwai, amma duk jifa ɗaya da suka ɓata, maharan na ƙara matsowa.

Ya ce, "Su matso. Ku tafi, ni zan rufe su."

Likitan ne ya fara magana, ya ce mutuminsa yana da farin ƙyalle na ɗaure ciwo, a yi likkafani da shi. Direban nan, wanda ya yi mako uku yana farautar motar, ya sosa ƙeya ya ce, "Khalas, shi ke nan, a ɗauki ruwan a yi musu wanka." Baba kuwa ya shiga bayanin yadda za a haƙa, zurfin, inda alƙibla take, kamar ƙasar na hannunsa.

Sai jifana na maharan ya zo, a bayan kwalin da nake ɓoye dayis. Ya fito mummuna. Na buɗe baki zan yi ƙarya, Baba ya riga ni. "Kada ka tausaya mini, ɗana. Faɗi abin da ya fito."

Na faɗa. Mahara suka iso suka tafi da motar, mutanenmu suka tsira da ƙafa.

Baba ya ce, "Amma mun rufe su?"

Na ce, "Kun rufe su, Baba. Har salla kun yi musu."

Ya share fuska da tafin hannu. Can ya jawo tiren shinkafa da kaza da muka saya tun rana, ya ce wa direban, "Miƙo mini yajin nan."

Ban taɓa ganin dattako irin na mutanen nan uku ba. Na shirya musu wasan gudun tsira da rai, suka koya mini cewa ko duniya ta tashi, akwai haƙƙin da ba a gudu a bari. Tun ranar ban ƙara ajiye gawa a labari don ado ba, domin kowace gawa yayan wani ce.